Doki Naka, Linzami na Wani

A wani gari na ƙasar Hausa, mai tafiyar kamar sa'a guda a babur daga birni, akwai wani dattijo wanda mutanen garin ke kira Malam Magatakarda, domin shi ke riƙe da littattafan ƙungiyar manomansu. Tun yana yaro ya yi karatun allo har ya sauke, amma boko bai same shi ba sai bayan da ya yi aure ya sami 'ya'ya. Sa'an nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya dage, har ya iya karatu da rubutu da lissafi. Da mutane suka ga hannunsa da kyau, ga shi kuma ba a taɓa jin ya ci ko anini na wani ba, sai suka danƙa masa alƙalaminsu.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ke rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da abin da kowa ya zuba, da wasiƙun neman taki da iri da rance. Ga shi kuma zamani ya zo da cewa ofisoshi da yawa ba su son takardar hannu, sai wadda aka buga. Saboda haka kowace 'yar wasiƙa sai Malam ya hau babur ya tafi birni, ya bi layi a shagon masu buga takardu, ya biya kuɗin bugu, ya dawo da la'asar a gajiye. Da abin ya ishe shi, sai ya kai shawara gaban taro, ya ce a yi karo-karo a sayi ɗan injin buga takarda, irin wanda ake kira firinta, tun da yake babban ɗansa yana da kwamfuta, ya kuwa iya aiki da ita. Jama'a suka yarda, aka tara kuɗi, aka ba shi.

Da ya isa kanti a birni sai mai kanti ya nuna masa iri biyu, ɗaya mai tsada, ɗaya mai sauƙin kuɗi. Malam ya dubi kuɗin jama'a da ke aljihunsa, ya ga in ya ɗauki na biyun har zai komo musu da canji. Bai tambayi kome game da tawada ba. Me zai tambaya? Shi da ya san tawada tun bai san hannun damansa ba! A makarantar allo a kan samo gawayi mai kyau a daka, a jiƙa ƙaro a gauraya, a tace, a zuba a kurtu. Alƙalami kuwa na gamba ne, a fiƙe shi da wuƙa. Kadan ta wani ta ƙare, sai ya tsoma a kurtun na kusa da shi, alƙalamin kuma bai taɓa tambayar gidan da aka dama tawadar ba. A ganin Malam, tawada ita ce mafi araha cikin kayan rubutu duka. Ya biya, aka ɗaure masa kwali a bayan babur, ya koma gida ana ta sa masa albarka.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Injin nan ya yi aiki kamar aljani, takardu na fitowa tas, har mutanen ƙauyukan kewaye suna zuwa kallo. Amma ba a yi wata biyu ba sai rubutu ya fara dishi-dishi, daga nan ya ɗauke. Ɗan Malam ya buɗe murfi ya ciro waɗansu 'yan kurtuna biyu na roba, kowanne bai fi kwalin ashana biyu ba, ɗaya na baƙar tawada, ɗaya na launi. Masu sayarwa na kiransu katirij. Malam ya kai su birni ya tambayi kuɗin sababbi. Da mai kanti ya faɗa, sai ya yi tsammani bai ji daidai ba, gama kuɗin biyun ya kusa kai abin da ya sayi injin ɗungum.

Ya ce, "Haba ɗana, ashe zinariya a ke narkawa a zuba ciki?"

Mai kanti ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai haka abin yake. Waɗanda suka zo da injin ma ba a cike suke ba, na ɗanɗano ne."

Abin da mai kanti ya faɗa gaskiya ne, kuma yana da asali. Injin irin wannan yana rubutu ne da feshi. A bakin kurtun, ko a cikin injin kansa, akwai ƙofofi masu yawa waɗanda suka fi gashin kai siranta. A yawancinsu a kan ɗumama tawada farat ɗaya, ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo ɗaya ya faɗa kan takarda, haka dubbai a cikin daƙiƙa guda. Wannan hikima ta ci shekaru da kuɗi masu yawa kafin a gano ta, injin da ke ɗauke da ita kuwa ba abin araha ba ne wajen ƙira. To, yaya aka yi a ke sayar da shi da sauƙi? Amsa ita ce, ba a wurin injin kamfani ke neman riba ba, a wurin tawada ne. Ƙaramin kurtu na yau da kullum sau da yawa tawadar cikinsa ba ta cika cokalin shayi, ba duka kuma ke sauka kan takarda ba, domin injin na shan wani kashi wajen wanke ƙofofinsa kowane lokaci. Waɗansu injunan ma, in launi ɗaya ya ƙare, sai su ƙi buga ko da baƙin rubutu ne.

Dabarar nan ta kasuwanci tsohuwa ce. Fiye da shekara 100 da suka wuce, kamfanin mai na Standard Oil na Amurka ya riƙa watsa ƙananan fitilu a ƙasar Sin, waɗansu da araha ƙwarai, waɗansu kyauta, domin ya san duk wanda ya sami fitila sai ya nemi kananzir. Amma akwai bambanci guda babba. Fitila ba ta da ido. Kowane kananzir aka zuba mata za ta ci, saboda haka tilas mai mai ya kyautata farashinsa, in ba haka ba a koma wa wani. Masu injin bugu na wannan zamani kuwa sai suka yi wa fitilarsu ido.

Malam bai san da wannan ba tukuna. Kunya ta hana shi komawa wurin jama'a neman wani kuɗin. Sai aka kwatanta masa wani yaro mai gyara a bayan kasuwa, wanda ke ɗura tawada a tsohon kurtu da sirinji. Aka ɗura masa da kuɗi kaɗan, ya yi aiki, ko da yake injin ya yi ta rubuto gargaɗi wai tawada ta ƙare alhali ga ta cike. Bayan ɗuri biyu kurtun ya gaji, sai yaron ya sayar masa da waɗansu sababbi na wani kamfani dabam, masu kama da na asali, a kan ƙasa da rabin kuɗi. Su ma suka yi aiki sarai. Hankalin Malam ya kwanta, ya ce ashe kowace cuta da maganinta.

Ana nan, damina ta matso. Aka aiko daga ofishin gona cewa kowace ƙungiya ta kawo sunayen mutanenta a buge, da girman gonar kowa, ran Litinin da safe, wanda ya makara kuwa ba shi cikin rabon taki na bana. Ran Lahadi da dare Malam da ɗansa suka zauna suka gama jera sunaye 140. 'Yan kwanaki kafin wannan, yaron ya haɗa injin da intanet ta wayarsa don ya riƙa aika masa takarda ba tare da igiya ba, wani saƙo da Turanci ya fito yana neman a yarda a sabunta wani abu, ya danna ya yarda. To, da aka ce injin ya buga sunayen nan, sai ya yi gurnani ya tsaya, ya rubuto cewa bai san wannan kurtu ba.

Malam ya ce, "Kai, duba da kyau, ko tawada ce ta ƙare."

Yaron ya ciro kurtu ya girgiza a kunne, ya ce, "Baba, wallahi cike yake. Shekaran jiya da shi na buga wasiƙa. Cewa ya yi ba na kamfaninsu ba ne."

Malam ya ce, "Kamfaninsu? Ashe ba mu biya ba? Ina rasiɗin?"

Suka kashe, suka kunna, suka goge, suka mayar, har zakara ya yi cara, injin nan ko gezau. Da asuba Malam ya yi salla ya hau babur, hanya duk taɓo don an yi yayyafi. Ya iske babu wuta a shagon farko, a na biyu kuma layi. Bai isa ofishin gona ba sai ana shirin ɗaure takardu, ya roƙi arziki aka karɓi tasa a kan ta ƙarshe. Da ya ƙara rabin sa'a, da gidaje 140 sun rasa taki a shekarar, da kuwa sunansa ne za a riƙa ambata a bakin kowace gona.

Abin da ya faru shi ne, a jikin kowane kurtu akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai ƙwaƙwalwa, kamar hatimi. Injin na karanta hatimin nan kafin ya fara aiki. Masu yin kurtun araha su kan kwaikwayi hatimin, kamfani kuma ya kan aiko wa injin sabon umurni ta intanet, ya koya masa gane na kwaikwayo ya ƙi shi. Watau injin yana ɗakin Malam, amma kunnensa na wajen maƙeransa a wata ƙasa mai nisa.

Wannan baƙin ciki ba a kan Malam aka fara shi ba, ba kuma a ƙasar Hausa aka fi jin zafinsa ba. A Amurka da ƙasashen Turai, inda gidaje da yawa ke da irin injin nan, an daɗe ana ta fama, har gaban alƙalai. Ran 13 ga Satumba 1916 ba a san da wannan ba, amma ran 13 ga Satumba 2016 mutane da yawa masu injunan kamfanin HP suka wayi gari injunansu sun ƙi kurtun da ba na kamfanin ba, saboda wani umurni da aka riga aka shigar tun watanni kafin ranar. Aka yi ca a kan kamfanin, ya ba da haƙuri a kan rashin yi wa mutane bayani, ya fito da hanyar cire kullen daga waɗancan injuna, amma bai bar dabarar ba. A 2018 ya yarda ya biya waɗanda abin ya shafa a Ostareliya dala 50 ta ƙasar kowannensu. A ƙarshen 2020 kuma hukumar kula da ciniki ta Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10, domin bai sanar da masu saye sosai ba cewa injin na iya ƙin kurtun wani.

Shari'ar da ta fi kowace girma ita ce ta kamfanin Lexmark. Shi wannan ya kan sayar da kurtunsa farashi biyu: cikakken kuɗi, ko kuwa da rangwame bisa sharaɗin a yi aiki da shi sau ɗaya a mayar masa. Waɗansu ƙananan kamfanoni suka riƙa tattara tsofaffin kurtunan suna cikawa suna sayarwa. Lexmark ya kai ƙara, ya ce an keta haƙƙinsa na ƙirƙira. Galibinsu suka janye, amma wani ƙaramin kamfani na jihar West Virginia, mai suna Impression Products, ya tsaya har Kotun Ƙoli ta Amurka. Ran 30 ga Mayu 2017 kotun ta yanke cewa da zarar mai ƙirƙira ya sayar da abu, haƙƙinsa na ƙirƙira a kan wannan abin ya ƙare, ko a gida ya sayar ko a waje. Babban alƙali John Roberts ya kawo misalin garejin da ke gyara tsofaffin motoci yana sayarwa, ya nuna yadda ciniki zai tsaya cik in kowane maƙerin ƙarfe na da ikon bin abin da ya riga ya sayar. Hukunci ne mai kyau, amma bai hana sa hatimi ba. Ya ba mai ɗuri izinin ɗuri, bai tilasta wa injin ya karɓa ba.

Ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Su kamfanonin suna cewa sun kashe dukiya wajen binciken tawada, kuma tawada maras kyau na toshe ƙofofin nan masu siranta, sa'an nan a ɗora wa injinsu laifi. Suna cewa kuma akwai 'yan damfara masu sayar da jabu cikin kwalin asali. Duk wannan akwai gaskiya a ciki, mai gyara ma zai shaida. Amma gargaɗi dabam, kulle dabam. Likita ya kan ce wa mutum kada ya ci abu kaza, ba ya bin sa gida ya ɗinke masa baki. A farkon 2022, sa'ad da 'yan ƙarafan hatimi suka yi wuya a duniya, kamfanin Canon ya fitar da waɗansu kurtunan garin tawada na manyan injunan ofis ba hatimi, da kansa kuma ya koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin su ci gaba da bugu. Ashe dai injin na iya aiki ba tare da an nuna masa hatimi ba.

A watan Janairu 2024, shugaban HP na lokacin, Enrique Lores, ya yi hira da gidan talabijin na CNBC, ya faɗi abin a fili. Ya nuna cewa suna faɗuwa a kan injin, suna cin riba a kan tawada, wanda duk ya sayi injinsu bai riƙa sayen tawadarsu ba kuwa asara ce a gare su, kuma burinsu shi ne bugu ya zama abin biya wata-wata. Tun 2013 kamfanin ya fara irin wannan tsari, inda mutum ke biyan kuɗin yawan shafin da zai buga a wata, a aiko masa da kurtu. In ya daina biya sai kurtun ya daina aiki, ko da cike yake. Wannan ba haramun ba ne in an faɗa wa mutum tun farko, gama haya ciniki ce sananniya. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne a karɓi kuɗinsu da sunan saye, daga baya su tarar haya suka yi. Kowa ya sayi doki ya san zai ci dawa, amma ba wanda zai yarda a ce dokin ba zai ci ba sai dawar gonar wanda ya sayar da shi.

Malam dai bai tsira da zuwa ofishin gona ba, saura taron ƙungiya. Maganganu sun riga sun zagaya gari. Wani ya ce mataccen inji ya sayo ya cinye sauran kuɗin, wani ya ce da ma boko bai bar kowa da gaskiya ba. Ran Juma'a bayan an sauko, aka taru a zauren Sarkin Noma. Malam ya ajiye injin a tsakiya, da rasiɗai, da kurtunan nan biyu cike da tawada. Ya ce, "Sarkin Noma, ranka ya daɗe, ban ci kuɗin kowa ba, ga lissafi. Amma na yi laifi guda. Na tambayi kuɗin doki, ban tambayi kuɗin harawa ba, ban kuwa duba hannun wa linzami yake ba. Araha ta ruɗe ni." Aka bi lissafi kobo-kobo, aka ga ya cika. Sarkin Noma ya ce, "Malam, rashin sani ya fi dare duhu. Da ni aka aika, da abin da zan sayo ke nan. Sai dai a gyara gaba."

Gyaran gaba kuwa akwai shi, yaron nan mai gyara ne ya nuna musu. Akwai wani irin inji mai tanki a gefensa, wanda a ke tsiyaya masa tawada daga kwalba, kwalba ɗaya ta kan ɗauki mililita 65 ko 70, watau ninkin ƙaramin kurtu sau da yawa. Kamfanin Epson ya fara fito da shi a Indunusiya a 2010, ƙasar da masu gyara suka daɗe suna laƙa wa injuna tankunan kansu, ya kai shi Amurka a 2015, sauran kamfanoni kuma suka bi. Kuɗin sayensa ya fi yawa, domin a nan kamfani ya ci ribarsa tun a kanti, amma bugun kowane shafi ya fi sauƙi nesa. Shi ma yana son kulawa: a rufe shi daga ƙurar hunturu, a kuma buga ko shafi ɗaya kowane mako don kada tawada ta bushe a ƙofofi. Wanda kuma baƙin rubutu kaɗai yake bukata, akwai mai aiki da garin tawada, wanda ba ya bushewa, sai dai ya fi shan wuta.

Saboda haka duk wanda aka aika sayen irin wannan inji, ya kamata ya yi tambaya kafin ya zare kuɗi. Nawa ne kurtun, shafi nawa kuma yake bugawa? Ana samunsa a garin nan, ko sai an aika Legas? Injin na karɓar na wani kamfani ko ɗuri? Yana aiki ba tare da an haɗa shi da intanet ba? Mai sayen na hannu da aka shigo da shi daga waje kuma ya ƙara lura, domin waɗansu kamfanoni sun raba duniya yanki-yanki. Akwai kurtun HP da a ke kira 61 a Amurka, 301 a Turai, 122 a Afirka, kamanninsu ɗaya, amma injin wani yanki ba ya karɓar na wani. Kada kuma a danna yarda a kan saƙon da ba a fahimta ba, a nemi wanda zai fassara tukuna. Karatun da mutum ya wahala ya koya, a irin nan yake biyansa.

Ƙungiyar ta yanke shawara a jira kaka, in an sayar da amfani a sake karo-karo a sayi mai tanki, Malam ne kuma za a sake aikawa, shi da ɗansa. Tsohon injin yana nan a kusurwar zaure an lulluɓe shi da tsumma, gama kuɗin da zai buɗe bakinsa ya fi ƙarfin asusun. Da magariba yara su kan taru a wannan zauren da allunansu. Ran nan wani ƙarami ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, tawadata ta ƙare." Malam ya ɗauki nasa kurtun ya tsiyaya masa rabi, ya ce ya je ya ƙara ruwa kaɗan ya girgiza. Yaron ya koma wurinsa ya tsoma alƙalami, ya ci gaba da rubutu.